Kunnen Hagu

Aikina kiwon ɓeraye ne, kuma da albashi. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya tukuna, sannan ya tambaye ni ko ina haɗawa da kyankyasai. Yayar mijina in za ta gabatar da ni ga baƙi sai ta ce ma'aikaciyar asibiti ce, don a rufa wa dangi asiri. Ni kuwa ba a asibiti nake ba. Ɗakin bincike ne a ƙasan wani dogon gini na jami'a, ba taga ko ɗaya, fitila fara fat tun safe har a tashi. Kejunan roba a jere har kusa da rufi, kowanne da kwalbar ruwansa. Ni ke canja musu garin katako, in zuba abinci, in auna nauyinsu, in kai su duk inda Dakta ta ce. Warin wurin yana bin mutum har cikin gashi, sabulu bai cika fitar da shi ba.

Dakta ita ce shugabar ɗakin, binciken kunne take yi. Mace ce marar yawan magana, in ta yaba maka to ka yi wani abu. A ƙuryar ɗakin akwai wani akwati mai girman firij, an liƙe cikinsa da soso, da lasifika a samansa. Nan muke sa ɓerayen mu rufe, a sakar musu ƙara na tsawon lokacin da za a yi girki a ci a wanke kwanuka. Ko kana waje, da abin toshe kunne, sai ka ji ta a haƙoranka. In na buɗe ƙofa sai in tarar sun cure wuri guda, ba rauni ba jini, idanu ƙyal-ƙyal kamar ba a yi komai ba. In tafa hannu a kansu, ko gezau.

Bayan 'yan makonni jinsu yana dawowa. Lokacin da nake sabuwa har murna na yi, na je da saurina na gaya wa Dakta sun warke. Ta ja ni gaban kwamfuta. Ga yadda ake gwajin: a yi wa ɓera allurar barci, a soka masa 'yan siraran wayoyi ƙarƙashin fata kusa da kunne, a saki ƙaramin sauti, na'ura ta zana layi mai tudu da kwari, wanda ke nuna saƙon da ya tashi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Ta nuna min tudun farko na ɓeran da bai taɓa shiga akwati ba, ta nuna min na wanda na ce ya warke. Na biyun ya kwanta, bai kai rabin na farkon ba. Ta ce kunnen ya buɗe, amma jijiyoyin da ke kai saƙo sama sun ragu, kuma a ɓerayenmu raguwa suke ci gaba da yi a hankali ko ba a sake sa su a akwati ba. Ita kuma ƙwaƙwalwa, da ta ga saƙo ya yi rauni, sai ta ƙara wa komai ƙarfi, kamar mai murɗa rediyo don tasha ta yi nisa: magana ba ta fito ba, shuuu ɗin ne ya ƙaru. Na gyaɗa kai na koma wanke kwalabe. A lokacin maganar ɓera ce kawai.

Mijina yana aiki a kamfanin da ake buga kwanon rufi. Shi ke kan babban injin yanka, wanda in ya sauke wuƙarsa ƙasa sai ta amsa. Abokan aikinsa suna ce masa Mai Kunne, kuma ba a banza ba. Kafin wuƙar injin ta tsage, ƙararta takan canja kaɗan, ya ce kamar mutum ne ke shirin yin tari. Shi kaɗai ke kama wannan a cikin duk hayaniyar wurin. Akwai ranar da ya kashe injin ba da umarnin kowa ba, Oga ya taso zai ci mutuncinsa, aka duba aka ga wuƙar saura ƙiris ta tashi, ga hannun abokin aikinsa a gabanta. Mutumin nan har yau in ya zo gidanmu sai ya ɗaga min yatsunsa goma ya ce na mijinki ne, aro ya ba ni.

Kamfanin yana raba musu 'yan robobin toshe kunne guda biyu a jikin igiya. Mijina na dama kawai yake sawa. Na kunnen hagu, wanda ke fuskantar injin, yana reto a ƙirjinsa tun ranar da ya kama aiki. In ka duba igiyar za ka ga ɗaya ya yi baƙi ya lanƙwashe, ɗayan sabo fil kamar yau aka ciro shi a leda. Na yi magana, na yi faɗa, na kawo masa masu kyau irin namu masu rufe kunne gaba ɗaya. Ya karɓa ya yi godiya, ya rataye su a ƙusa bayan ƙofa, suka zama wurin ajiye hula. In na matsa sai ya ce, “Likitan ɓera, in na toshe duka biyun, wa zai ji wuƙar?”

Har yau tambayar nan tana ƙona min rai.

'Yarmu tana rarrafe lokacin da tankin iska ya fashe a kamfanin. Sunan mahaifiyarsa marigayiya aka sa mata, don haka shi Uwata yake ce mata, in ya dawo aiki kafin ya cire takalmi sai ya durƙusa ya gaishe ta kamar da gaske. Ran nan da rana tsaka aka kawo shi gida a motar Oga. Ba abin da ya same shi a jiki, ko ƙwarzane. Ya shigo yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi, yana ce min kada in damu, Allah ya tsare, tankin yana bayansa ta hagu. Yarinyar ta tsorata da muryarsa ta fashe da kuka. Ina kallonsa, bakinta a buɗe a gabansa, shi kuwa yana ta ba ni labari. Na san wannan zaman, na sha buɗe ƙofar akwatin ɓerayenmu in gan shi.

Jinsa ya dawo, kamar yadda na san zai dawo. Kamfani ya tura shi asibiti, suka sa shi a wani ɗan ɗaki shiru, suka ce ya danna maɓalli duk sanda ya ji ƙaramin sauti. Ya danna duka. Ya dawo yana min tsiya, wai ya ci jarrabawa da maki mai kyau, in je in gaya wa ɓerayena. Washegari ya koma kan injinsa, robar hagu tana reto.

Na samu Dakta na gaya mata komai, har ina haɗa kalmomi don kunya. Ta cire gilashinta ta daɗe tana gogewa. Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ɓera ba mutum ba ne, ita kuma ba likitan mutane ba ce, ba za ta iya cewa ga abin da zai faru da shi ba. Amma da ɗan'uwanta ne, da ta raba shi da ƙara tun yau, kuma ta sa a gwada shi a cikin hayaniya, ba a ɗaki shiru ba. Na kawo masa maganar yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni in aka gwada aka ce kunnen ya taɓu, me zai biyo baya. Bai jira amsata ba. Ya ce to bari ya gaya min: za a ɗauke shi daga injin a kai shi gadin ƙofa, a sa wani wanda zai toshe kunnuwa biyu kamar yadda doka ta ce, kuma wata rana wuƙar za ta yi tarinta ba mai ji. Ya ce, “Ni ba ɓera ba ne. Ba wanda ya sa ni a akwati ya rufe.”

Na ce masa gara ɓeran, shi sau ɗaya ake sa shi. Mun kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa.

Abin bai zo da gudu ba, da ya zo da gudu da ya fi sauƙi. In mu biyu ne a ɗaki, ko raɗa na yi yana ji, har ya ce kin gani. Amma ranar da muka je gidan Yaya aka taru ana hira, yara na guje-guje, talabijin na yi, sai na lura bakin mutane yake kallo. Mijin Yaya ya ba shi labarin rasuwar wani abokinsu, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai haka yake, ba ya canjawa. Yaya ta harare ni kamar ni na aike shi. A hanyar dawowa ya ce mutanen gidan nan duk sun koyi magana a ciki-ciki, ba sa buɗe baki.

Sai kuma ƙananan ƙararraki suka fara yi masa ciwo. Mutumin da ke wuni gaban injin yanka ƙarfe, cokali ya faɗi a siminti sai ya zabura ya dafe kai. Wata rana yarinyar ta samu murfin tukunya tana bugawa tana dariya, ya daka mata tsawar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ta saki murfin tana kallonsa. Shi ma ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ya mare ta. Ranar ce ya gaya min gaskiya: tun fashewar tankin akwai wani siririn kuka a kunnensa na hagu, kamar sauron da ba ya gajiya, kuma in wuri ya yi shiru nan ne yake cika masa kai. Abu ɗaya ke danne shi, ƙarar fanka. Daga ranar fankar ɗakinmu ba ta ƙara hutawa ba in yana gida, ko sanyi ake yi. Tsohuwa ce, ƙarfenta ya saki, tana juyi tana kaɗa kai tana gurnani. Na bar masa ita, don na ga yana samun barci.

A wurin aiki kuwa mun shiga wani sabon gwaji, wanda na tsana fiye da akwatin. Matan ɓerayen da aka sa wa ƙara watannin baya sun haihu. Jinjirin ɓera ɗan tsoka ne ja, ba gashi, ido a rufe, in ya rabu da uwa sanyi yake ji nan da nan, sai ya yi ta kira da wani siririn kuka da kunnen mutum ba ya kamawa. Muna da na'urar da ke sauko da kukan mu ji. Aikina shi ne in kwashe jinjirayen daga sheƙa in ajiye su a kusurwoyin keji, in ja da baya in tsaya, hannuwana a baya, kada in taɓa komai sai ƙararrawa ta buga. Uwa mai lafiya kafin ka ƙifta ido ta bi su ɗaya-ɗaya ta ɗauko a baki. Iyayen da suka shiga akwati ma suna yi, in ɗakin shiru ne. Amma da Dakta ta saki ɗan shuuu a lasifika, wanda bai fi ƙarar fanka ba, sai su rikice. Su fito suna shinshina, su nufi inda ba kowa, su dawo. Akwai wata mai yankakken kunne da nake ce wa Hajiya saboda ƙibarta, ta taka jinjirinta da ƙafa ta wuce, ta koma sheƙa ta hau gyaran garin katako, alhali na'ura na ta tsuwa a kunnena.

Abin da ya fi tsaya min a rai jinjirin ne. Da farko kira yake yi ba ƙaƙƙautawa. Can sai ya dinga yi yana hutawa. Kafin ƙararrawa ta buga ya yi shiru, yana nan da ransa, yana motsa 'yan ƙafafu, amma ya daina. Dakta ta ce in dinga lura da wannan ma, tana son sanin yaushe suke dainawa. Na ce to. Da ƙararrawa ta buga nakan ɗauke shi in ɗumama shi a tafin hannuna kafin in mayar, wannan ba ya cikin aikin, kuma ba ta taɓa hana ni ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanki a bakin ƙofa, shi yana zaune a tabarma yana ɗinke takalmin aikinsa, fanka na gurnani a kansa. Yarinyar ta dafa kujera ta miƙe a bayansa, ta hagu. Ta kalli ƙeyarsa ta ce, “Baba.” Muryarta siririya, amma kalmar ta fito sarai, ba gwaranci ba. Kumfa na hannuna, na buɗe baki zan yi ihun murna, sai na ga bai juyo ba. Ta sake faɗa. Ya ja zare da haƙori ya tsinke. Ban san sanda na miƙe na tsaya a jikin ƙofa ba, sai ji na yi hannuwana suna baya, ruwan sabulu na ɗiga a zanena. Ina ta cewa a raina yanzu zai juyo, wannan karon zai ji. Ta yi ta faɗa har ƙafafunta suka gaji ta zauna daɓas, ta rarrafa ta zagayo gabansa ta bugi gwiwarsa da tafin hannu. Nan take ya ajiye takalmin ya ɗauke ta yana cewa Uwata, Uwata, yaushe kika zo.

Na so in gaya masa a ranar. Na duba fuskarsa yana cilla ta sama, na kasa. Na ce gobe zan kashe fankar in sa ta faɗa a gabansa, ya ji da kansa, ba sai an yi maganar kunne ba. Amma yaro ba rediyo ba ne da za ka kunna sanda kake so. In na ce ta ce Baba sai ta yi dariya ta ɓoye fuska. In ta ga dama ta faɗa kuwa, yana gida ne, fanka na yi, kuma kullum sai ta faɗa wa bayansa. Ina jinta daga kicin, ina jinta daga banɗaki. Makonni suka wuce, kiran ya dinga raguwa. Ni tana kirana, tana kiran kyanwar maƙwabta, tana cewa ruwa. Shi kuwa in tana son sa sai ta je ta bugi gwiwarsa, ta gano abin da ke aiki.

Ranar da maganar ta fito yana da aikin rana, ya yi wanka ya sa kayan kamfani yana jiran motar ma'aikata. Ya daɗe yana kallon yarinyar tana wasa da igiyar robobinsa. Sai ya ce min, a hankali, kamar mai tsoron kada ya tayar min da hankali, akwai abin da ke damunsa ya rasa yadda zai faɗa. Ya ce ɗan abokin aikinsa da aka haifa bayanta har ya fara kiran sunan mutane.

“Ki roƙi Daktarku ta haɗa mu da wanda zai duba kunnen Uwata. Ina tsoron ko ba ta ji sosai. Har yau ba ta ce Baba ba.”

Na miƙe na kashe fankar. Ta yi ta juyi tana rage gudu har ta tsaya, ɗakin ya yi shiru irin wanda muka manta da shi. Na ga ya runtse idon hagu, na san sauron ya taso masa. Na durƙusa na ce wa yarinyar ina Baba, kira Baba. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta taka da 'yan ƙafafunta ta je ta bugi gwiwarsa. Ya ce kin gani ko.

Na ce, “Ta kira ka. Tun ranar da kake ɗinkin takalmin nan take kiranka, a bayanka, ni ina ji. Ta kira ka har ta gaji ta bari.”

Na zaci zai musa, ko ya yi min tsiyar ɓera. Bai yi ba. Ya kai hannu ya taɓa kunnen hagu, ya sauke. Ya tambaye ni sau nawa, na ce ban ƙirga ba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa, ya jawo ta jikinsa, ya kara kunnen dama daidai bakinta. Yana cewa Uwata, faɗi mana, sau ɗaya kawai, ga ni ina ji. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, na san shirun yana cinsa, amma bai kalli fankar ba. Ita kuwa ta ɗauka wasa ne, tana ja masa kunne tana dariya, ta kama robar nan sabuwa ta kai baki. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na ji haushinsa, na ji haushin wuƙar da yatsu goman da aka ba wani aro.

Motar ma'aikata ta tsaya a bakin titi, ta gefen tagar da ke hagunsa, direba ya danna hon. Bai ɗago ba. Direban ya sake dannawa, ya ja da tsawo. Na yi watanni ina roƙon mutumin nan kada ya shiga motar nan, ga shi yau ba sai na roƙa ba, shiru kawai zan yi ta tafi. Amma na tuna akwai wani can da zai tsaya gaban wuƙar da hannuwansa, kuma zaɓin ba nawa ba ne in yi masa a ɓoye. Na buɗe baki zan kira shi, sai na fasa. Na taka na je na taɓa masa kafaɗa.